Sikuta, Roba-roba ko Boxer: Wanne Ya Fi Jure Iska a Kan Hanya?

Iska iri biyu ce ke takura wa mai babur a ƙasar Hausa, kuma kowacce da halinta. Ta farko ita ce ta hunturu, wadda ke kaɗawa daga arewa maso gabas tun ƙarshen Nuwamba har wajen tsakiyar Maris, ɗauke da ƙurar da kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele na arewacin Chadi yake tasowa. Wannan ba ta cika shammatar mutum ba. Da asuba a kwance take, hantsi na dubawa ta miƙe, ta yi ta tura ka gefe guda, sai rana ta yi sanyi ta lafa. Ta biyu ita ce wadda ke gaban hadari a ƙarshen bazara da farkon damina, wajen Mayu da Yuni, da kuma holoƙon kaka. Ita daga gabas take fitowa, cikin 'yan mintuna ta yaye rufin kwano, ta karya reshen darbejiya, ta kwantar da turken wuta. Duk wanda zai sayi ƙaramin babur, musamman yanzu da sikuta da mashin mai caji suka yawaita tun bayan cire tallafin fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, ya kamata ya san yadda kowane babur yake yi a cikin ta farkon. Ta biyun hukuncinta daban ne, zan zo kanta.

Babura uku nake nufi. Akwai sikuta, mai faffaɗan wurin ajiye ƙafa a gaba, ba giya ba kuloci, totur kawai za ka murɗa ya tafi. Kakansu shi ne Vespa da kamfanin Piaggio na Italiya ya fara ƙerawa a 1946, kuma yawancin waɗanda ke shigo mana, sababbi da 'yan Kwatano, tayarsu inci 10 ce ko 12. Mashin mai caji ma a wannan layin yake, don ƙirarsu ɗaya. Sai roba-roba, irin su Lifan da Jincheng da Haojue masu injin cc 100 zuwa 125. Dukkansu daga Honda Super Cub suka ɗauko samfur, babur ɗin da aka fara ƙerawa a Japan a 1958, wanda adadinsa ya kai miliyan 100 a 2017. Roba-roba yana da giya amma ba shi da hannun kuloci, tayarsa kuma inci 17 ce. Na uku shi ne mai tanki a tsakanin cinyoyi, wato Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya da takwarorinsa irin su TVS da Honda Ace, abin hawan 'yan acaɓa da 'yan kabu-kabu.

Kafin a auna su, akwai lissafi guda da ya kamata ya zauna a kai. Ƙarfin turin iska ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta. In gudunta ya ninka biyu, turinta ninkawa huɗu yake yi. Iskar da ke gudun kilomita 25 a awa tana tura abu mai faɗin murabba'in mita ɗaya da ƙarfin da bai wuce na kilo 3 ba. In ta kai 50, ya zama kamar kilo 12. In ta kai 100, ya doshi kilo 47. Mutum da babur ɗinsa, in aka dube su ta gefe, sun kai murabba'in mita ɗaya, wani lokaci sun fi. Kilo 12 ba wani nauyi ba ne a hannu, amma a tuna ba a ƙasa yake bugu ba, a kafaɗa da kai yake bugu, a kan abu mai taya biyu wanda wurin da kowace taya ke taɓa kwalta bai kai tafin hannu ba. Kuma abin da ke kayar da mutane ba iskar da ke kaɗawa bai-ɗaya ba ce, don jiki yana sabawa da ita cikin minti biyu. Wadda ke zuwa ta ɗauke, ta sake zuwa, ita ce matsalar.

To, bambanci mafi girma tsakanin baburan nan uku yana ƙasa, a taya. Mutane kan tsaya tambayar girman inji da shan mai, amma ni a wurina girman taya ne abin fara dubawa. Babbar taya mai inci 17 in tana juyawa tana da naci a kan hanyar da ta ɗauka, ba ta saurin yarda a kautar da ita. Iska ta buge ka, babur zai ɗan kwanta, ya ba ka daƙiƙa guda ka gyara. Ƙaramar taya mai inci 10 kuwa ba ta da wannan haƙurin. Da ma don saurin juyi a lunguna da cunkoso aka yi ta, shi ya sa sikuta ke da daɗin tuƙi a cikin kasuwa. To wannan saurin amsawar shi ne ke zama illa a fili: iska na taɓa kafaɗarka, kafaɗa ta motsa hannu, hannu ya motsa kan babur, kafin ka ankara ka bar layinka da taku biyu. Ƙari a kan haka, iska ba ta zuwa ita kaɗai. Tana kwaso yashi ta shimfiɗa a bakin kwalta, abin da duk mai bin hanyoyin Daura, Maigatari, Nguru ko Damagaram ya sani. Kuma in ta tura ka, bakin kwaltar nan take tura ka, inda yashin yake, inda kwalta ta gutsure, inda ramuka suke. Taya mai inci 17 tana haye ƙaramin rami ta wuce. Mai inci 10 faɗawa take ciki. A cikin yashi kuma ƙaramar tayar gaba nutsewa take ta karkace. Ta wannan fuskar roba-roba da Boxer kunnen doki suka yi, sikuta yana can baya.

Abu na biyu shi ne inda za ka riƙe babur da jikinka. A kan Boxer tanki yana tsakanin gwiwoyinka. Iska ta taso, ka matse shi, kai da babur kun zama abu ɗaya, hannuwanka kuma sun samu sakewa. Wannan sakewar hannu ita ce rabin tuƙi a cikin iska, domin wanda ya ƙanƙame kan babur, duk bugun da jikinsa ya sha kai tsaye yake miƙa shi ga tayar gaba. A kan sikuta zama kake kamar a kujera, ƙafafu a gaba, babu komai tsakanin gwiwoyi. Da tsoro ya zo, abin da kawai ya rage maka ka riƙe shi ne kan babur, wato ainihin abin da bai kamata a ƙanƙame ba. Akwai dabara: ka dafe ƙafafu da ƙarfi a kan faranti, ka tokare su da garkuwar gaba in ƙirar ta ba da dama, ka ɗan matso gaban kujera. Tana taimakawa, amma ba ta kai matse tanki ba. Roba-roba yana tsakiya. Ba shi da tanki a nan, amma ƙafafunka a kan matakai suke ƙarƙashin jikinka, kuma akwai ƙashin bayan babur da robar tsakiya da za ka iya haɗawa da ƙwauri.

Sai nauyi da inda aka ajiye shi. Ƙaramin sikuta mai cc 50 bai cika wuce kilo 80 ba. Roba-roba yana wajen kilo 100. Boxer, gwargwadon girman injinsa, yana tsakanin 110 da 125 ko kusa da haka. Tazarar ba ta kai yadda ake zato ba, balle in an haɗa da nauyin mai tuƙi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne rabon nauyin. A yawancin sikuta inji a haɗe yake da tayar baya, suna hawa da sauka tare, don haka baya ya yi nauyi, gaba ya zama sakayau. Tayar gaba kuwa ita ce ke riƙe da alƙiblarka. A roba-roba da Boxer inji yana tsakiya, a jikin firam, nauyin ya rabu daidai. Mashin mai caji yana da ɗan sassauci a nan, domin baturansa, musamman masu nauyin nan na dalma, a ƙarƙashin ƙafa ko ƙarƙashin kujera suke, sun danne shi ƙasa. Sai dai ƙaramar taya tana nan, kuma da yawansu shokozobansu da tayoyinsu ba masu inganci ba ne.

Kada a ɗauka sikuta ba shi da inda ya fi. Yana da su, kuma ba ƙanana ba ne. Kujerar ƙananan sikuta a ƙasa take, gajeren mutum ma zai dire ƙafa biyu. Birkinsa duka biyu a hannu suke, na baya a hagu, na gaba a dama. Ka tsaya a danja ko a kan gadar sama iska na kaɗawa, ƙafafunka biyu suna ƙasa, birki biyu suna hannu. Mai Boxer da mai roba-roba birkin bayansu a ƙafar dama yake, in suna son taka shi dole su tsaya da ƙafa ɗaya. Boxer kuma dogo ne, wanda bai kai shi tsawo ba yana tsayuwa ne a kan yatsu, kuma faɗuwar tsaye a cikin iska ta fi samun irin waɗannan. Sannan garkuwar gaban sikuta tana tare wa ƙafa sanyin hunturu da tsakuwa. Babu sarƙa a waje, babu sipok a yawancinsu. Wannan babban abu ne ga mata, waɗanda a Yamai da Maraɗi da Damagaram sun daɗe suna tuƙa kansu zuwa aiki da makaranta. Hijabi ko gyale ko bakin zane da iska ta kwasa ta cusa a sarƙa ko sipok yana fizgo mace ta baya, kuma raunin da yake jawowa mummuna ne. A sikuta wannan haɗarin ya ragu sosai, ko da yake bai gushe ba, tunda tayar baya tana nan tana juyawa. A kowane babur, dogon hijabi a tattare shi a zauna a kai. Haka babbar riga. In iska ta shiga cikinta ta kumbura, faɗinka ya ninka, kuma a sama ya ninka, inda turi ya fi tasiri.

Akwai kuma sikuta masu manyan taya, inci 14 zuwa 16, irin su Honda SH da Piaggio Liberty. Waɗannan sun magance rabin matsalar, sun bar wa mutum sauƙin tuƙin sikuta tare da natsuwar babbar taya. Tsada ce da ƙarancin kayan gyara ke hana su yawa a wajenmu. Wanda ya samu mai lafiya kuma yana da makanikin da ya san shi, ba zan hana shi ba.

Iskar gaba ita ce ke tona asirin ƙaramin inji. Kana gudun kilomita 50, iska mai gudun 40 tana fuskantarka, jikinka yana keta iskar kilomita 90 ke nan, kuma turin ya fi ninki uku na ranar da babu iska. Sikuta mai cc 50, wanda da ma iyakarsa wajen 60 ne, sai ka ga ya koma 35 totur a ƙure. Wannan ba kayar da kai zai yi ba, amma ya mai da kai abin da kowace mota ke son wucewa, kuma kowane wucewa wani bugu ne. Mai caji kuma batir ne zai zube da wuri. Tafiyar da ka saba yi da caji ɗaya, ranar iska tana iya barin ka a hanya, don haka a yi lissafin dawowa tun kafin a fita. Roba-roba mai cc 110 da Boxer suna da giya. Ka sauko daga ta huɗu zuwa ta uku, inji ya ɗau murya, babur ya riƙa ja. Babur da injinsa ke ja ya fi natsuwa a kan wanda aka sake shi yana gangarawa. A sikuta ba ka da wannan zaɓin, kuma in gudu ya ragu sosai ka saki totur, kulocinsa na ciki yana sakin taya gaba ɗaya, babur ya zama kamar keke. Maganin shi ne kada a rufe totur ɗungum, a bar shi a ɗan buɗe, a rage gudu da birkin baya a hankali.

Kaya kuwa na iya rushe duk wannan lissafin. Hausawa sun ce iska tana wahalar da mai kayan kara, kuma a kan babur maganar a zahiri take. Falle ɗaya na filawud mai ƙafa 8 da 4 ya kusa murabba'in mita 3. Iskar kilomita 50 ta same shi a faɗinsa, kilo 35 ke nan ke tura ka, a saman babur. Katifa, kwanon rufi, ƙofa, damin kara, jarkoki marasa komai da aka ɗaure har suka fi kan mai tuƙi, duk haka suke. Kuma abin takaici, mai Boxer ne ya fi yin wannan lodin, saboda ya yarda da babur ɗinsa. Boxer mai katifa a baya ya fi sikuta mara kaya haɗari nesa ba kusa ba. Su ma masu sikuta suna da nasu: akwatin nan da ake ɗaurawa a kariyar baya yana sama, yana bayan taya, iska na bugunsa gaba ya ƙara sakayau. Dogon gilashin gaba da ake ɗaurawa a jikin kan babur shi ma duk bugun da ya sha a hannunka zai sauke. Ranar iska, kaya mai nauyi a sa shi ƙarƙashin kujera ko tsakanin ƙafafu, a bar akwatin a gida in da hali. Goyo yana ƙara nauyi, amma yana ƙara faɗi, kuma wanda ya zauna a karkace, ƙafafu gefe guda, ba ya iya bin kwanciyar babur.

Yanzu a dubi hanya, don ita ce za ta faɗa maka wanne ya dace da kai. A cikin tsohon gari, tsakanin gidaje da katangu, iska ba ta samun filin gudu. Wanda zirga-zirgarsa daga gida zuwa kasuwa ce ko ofis, gudun da bai wuce 40 ba, sikuta ya ishe shi duk shekara. Wuraren da zai kiyaye su ne gadar sama, da mararraba, da gibin da ke tsakanin dogayen gine-gine, inda iska ke matsewa ta fito da ƙarfi. Amma da zarar an bar gari labari ya canza, kuma alƙiblar hanya tana da tasiri. Hanyar Kano zuwa Katsina arewa maso yamma ta nufa, don haka iskar hunturu a gicciye take samunta. Mai tafiya Katsina daga dama take bugunsa, tana tura shi hagu, cikin motoci. Mai dawowa daga hagu take bugunsa, tana tura shi bakin kwalta. Hanyar Wudil ma a gicciye take. Mai zuwa Gumel ko Haɗeja kuwa gaba da gaba yake da ita. Sai gadoji irin ta Wudil da ta Tamburawa da gadar Kennedy ta Yamai, inda babu bishiya babu gini, kwarin kogi ya buɗe wa iska hanya.

Wurin da bambancin baburan ya fi fitowa fili shi ne haɗuwa da tirela. A ce iska daga hagu take, ka ɗan kwantar da babur hagu kana tokare da ita, a hanyar da ba a raba biyu ba. Ga tirela ta taho. Da farko iskar da kanta ke turowa ta buge ka zuwa dama. Tana zuwa daidai kai, jikinta ya tare iskar da kake jingine da ita, turin ya ɗauke, babur ya nemi faɗawa hagu, wajen tayoyinta. Tana wucewa, iskar ta dawo gaba ɗaya, haɗe da ƙura da tsakuwa. Bugu uku cikin daƙiƙa biyu. Mai Boxer ya matse tanki, babur ya girgiza ya wuce. Mai roba-roba zai ji a jikinsa, amma in ya rage gudu tun daga nesa ya matsa dama, zai fita lafiya. Mai sikuta mai inci 10 shi ne ke cikin hali, don kowane bugu yana kautar da shi, ga yashi na jiransa a dama. Wanda hanyarsa ta kullum ke haɗa shi da tireloli da tankoki, ina roƙonsa kada ya sayi ƙaramin sikuta, komai arharsa.

Dabarar tokarar iska ɗaya ce a dukkansu. Babur mai gudu ba a karkata shi da juya kai, ana ɗan tura hannun ɓangaren da ake son ya kwanta ne zuwa gaba. Iska daga dama, ka ɗan tura hannun dama, babur ya kwanta dama ya ci gaba da tafiya miƙe. Ta lafa, ka sassauta. A Boxer turin yana son ɗan ƙarfi. A sikuta kaɗan ya isa, wanda ya tura da yawa zai wuce gona da iri. Ka sunkuya kaɗan, gwiwar hannu a lanƙwashe, ido a can gaba kan bishiyoyi da ƙurar da ke tsallaka titi, su ne za su nuna maka bugun kafin ya iso. Ka riƙe ɓangaren layinka da iska ke fitowa, don in ta tura ka ya zamana akwai sauran fili. Kada ka damƙe birkin gaba babur yana kwance. Rage gudu shi ne babban magani, amma ban da rarrafe, don babur mai tafiyar ƙafa ma ba shi da natsuwa.

Bishiyoyi ma'auni ne mai kyau. A ma'aunin Beaufort da masu jiragen ruwa suka daɗe suna aiki da shi, in manyan rassa na kaɗawa, wayoyin wuta na fito, iska tana tsakanin kilomita 39 da 49 a awa. In bishiya gaba ɗayanta na rangaji, tafiya da ƙafa ma ta yi wuya, tana tsakanin 50 da 61. In ƙananan rassa sun fara karyewa, ta haura 62. A nawa ra'ayin, matakin farko shi ne iyakar ƙaramin sikuta a buɗaɗɗiyar hanya, roba-roba da Boxer su tafi a hankali ba tare da lodi ba. Mataki na biyu, roba-roba ma ya nemi wuri, mai Boxer kuma sai in dole. Na uku ba na kowa ba ne.

Wannan ya kawo mu ga iskar hadari, inda kwatancen ya ƙare, domin babu wanda ya ci a cikin ukun. Alamunta sanannu ne: zafi ya yi tsanani, gari ya yi tsit, gabas ta haɗe ta yi baƙi, wani lokaci da jan bango na ƙura a ƙasanta, sai ka ji wata iska mai sanyi da ƙamshin ƙasa. Daga nan mintuna kaɗan suka rage. Irin wannan hadarin yana tafiya yamma da gudun da kan kai kilomita 50 zuwa 60 a awa, don haka mai cewa bari in murɗa in riga shi isa gida yana tsere ne da abin da ya kai babur ɗinsa gudu, kuma bugun da ke gabansa ya fi haka ƙarfi. Ba turi kaɗai ba ne abin tsoro. Kwanon rufi yana tashi, allon talla yana faɗowa, waya tana tsinkewa, ƙura tana rufe ido har direban da ke bayanka ba ya ganinka. A sauka daga titi gaba ɗaya, a nemi gini mai ƙwari, masallaci ko shago. Ban da gindin bishiya, saboda reshe da tsawa. Ban da jikin turken wuta, da allon talla, da katangar bulo da ba a gama ba. Wajen kafe babur, jak na gefe a hagu yake, don haka a juya shi yadda iska za ta buge shi daga dama ta danna shi kan jak ɗin. Mai giya ya bar shi a giya. Sikuta ba shi da giyar da za ta riƙe shi, sai a jingina shi da bango ko a sa dutse a taya. Mafi tsananin iskar ba ya daɗewa, sau da yawa kafin rabin awa ya wuce. Amma ruwan farko yana taso da mai da ƙurar da suka kwanta a kwalta, titi ya yi santsi, don haka ko an tashi a tafi sannu.

Hazo kuma nasa aikin a hankali yake yi. Hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, kan yi gargaɗi in ana sa ran ganin gaba zai gaza mita 1,000, kuma a irin ranakun a bar fitila a kunne ko da rana tsaka. A nan mashin mai caji yana da wani rauni na daban: ba a jin zuwansa. Ƙura tana toshe iyakilina, wato matatar iskar inji, a duk babur mai shan fetur, amma sikuta yana da ƙarin wuri, akwatin bel ɗinsa, wanda ke shaƙar iska a kusa da ƙasa. Bel ɗin in ya tsinke a ƙauye, samunsa aiki ne, alhali sarƙar Boxer da ta roba-roba kusan kowane makanikin bakin hanya yana da ita. Hular kwano mai gilashi ba ta cikin zaɓi, ta kowa ce. Tun 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya ta fara tilasta ta, kuma a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sa ta yadda ya kamata yana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin 100, na raunin kai da kashi 69. A ɗaure igiyarta, don wadda ba a ɗaure ba iska ce ke fara cire ta. Wanda tsakuwa ta shiga idonsa yana gudun 50, a daƙiƙa ɗaya da ya runtse ya yi kusan mita 14 a makance.

In aka ce in zaɓa wa mutum ɗaya babur ɗaya, wanda yawancin tafiyarsa a gari take amma yakan leƙa ƙauye ko unguwannin bayan gari, roba-roba zan ce. Yana da babbar taya da giya, ba shi da tsawon Boxer, mace da dattijo da gajere duk suna iya sarrafa shi, kayan gyaransa kuma ko'ina akwai. Mace ta tabbatar murfin sarƙarsa yana nan ba a cire ba. Boxer na wanda kullum yake kan babbar hanya ne, ko mai goyo da ɗaukar buhu, da sharaɗin ƙafarsa na kaiwa ƙasa sosai. Sikuta da mai caji na cikin gari ne, kuma a nan sun cancanci kuɗinsu, musamman ga wanda giya ke ba shi wahala ko wanda kuɗin mai ya dame shi. In akwai mai inci 12 da mai inci 10, a ɗauki mai 12. In akwai mai 14, ya fi.

Kowanne aka tsayar, in na hannu ne, a ɗora shi a jak na tsakiya a ɗaga tayar gaba, a juya kan hagu da dama. In yana sarƙewa a tsakiya ko yana ƙwas-ƙwas in an girgiza shi gaba da baya, boris ɗin wuya ya tafi, kuma irin wannan babur ɗin ba ya karɓar ƙananan gyare-gyaren da iska ke buƙata. A girgiza tayar baya gefe da gefe, a danna kujera a ga ko shokozoba na dawowa sau ɗaya ko yana ta lilo. Iskar taya kuma a sa mai faci ya auna da geji, kada ya danna da babban yatsa ya ce ta yi. Adadin da kamfani ya ƙayyade yana rubuce a jikin babur ko a littafinsa, yawanci tsakanin 25 da 33 a awon geji na psi, ta baya ta ɗan fi ta gaba. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa in an tura babur ta gefe, wadda aka cika fiye da kima kuma tana tsalle a kan tsakuwa, kuma a ƙaramar taya mai inci 10 kuskuren awo kaɗan ma ana jin sa a hannu.